Littafin Theatre na Maugham ya tsaya mini a babi na uku, in ci gaba ko in ajiye?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata uku ke nan na duƙufa a kan Turanci, domin ina son komawa karatun jinya baɗi in Allah ya yarda, kuma na san wanda na fito da shi daga sakandare ba zai kai ni ba. Wata maƙwabciyata da ta tashi ta bar mini kwalin littattafai, a ciki na tsinci wani mai suna Theatre na W. Somerset Maugham, bangonsa ya yage, takardun sun yi ja. Labarin wata 'yar wasan kwaikwayo ce a Landan, Julia Lambert, mai shekara 46, da mijinta Michael Gosselyn wanda ke riƙe da gidan wasan da take fitowa.

Babi na farko ya tafi mini daidai. Ta je ofishin mijin, suka tarar da wani yaro akanta yana duba musu lissafi, suka gayyace shi cin abincin rana, ta sa hannu a hotonta ta ba shi. Daga nan ta zauna tana duba tsofaffin hotuna, sai na ɓace. Ban san ko yanzu ake ba, ko da can. Da daddare nake karatu bayan yara sun yi barci, ƙamus a cinya, littafin rubutu a gefe. Jiya shafi biyu kacal na yi cikin awa ɗaya da rabi, na rubuta kalma 31, da safe ban iya tuna ko biyar ba. Shin littafin ne ya fi ƙarfina, ko hanyata ce ba daidai ba?

Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Ni dai da kin ajiye shi. An yi fim ɗinsa ai, Being Julia, a 2004, Annette Bening ce ta fito a matar. Ki kalla da rubutun Turanci a ƙasa, awa biyu kin gama. Littafin 1937 fa! Wa ke irin wannan Turancin yanzu?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ajiye. Na koyar da Turanci shekara 30 kafin na yi ritaya, kuma in za a ce in zaɓar wa mai koyo marubucin Ingila guda ɗaya na wancan zamani, wannan mutumin zan zaɓa. Jimlolinsa ba su da ƙulli. Da gangan yake gudun kalma mai nauyi in akwai mai sauƙi.

Inda kika ɓace kuwa ba laifinki ba ne. Da ta ɗauki hotunan nan, labarin ya koma baya fiye da shekara ashirin, zuwa lokacin da take yarinya a wata ƙungiyar wasa ta Jimmie Langton a garin Middlepool, inda ta haɗu da Michael. Babi da dama za a yi a can baya kafin a dawo. Alamar da Bature ke sa miki a hanya ƙaramar kalma ce, had. In kika ga had a gaban aikatau, to ana gaya miki wannan abu ya riga wancan faruwa. Mu a Hausa da "da ma", ko "a da", ko "ya riga ya" muke yin wannan aiki, shi ya sa idonmu ke tsallake ta. Ki koma farkon babi na biyu da fensir, ki ja layi ƙarƙashin kowace had. Za ki ga ƙofar da aka bi aka shiga baya. Ki lura kuma, da zarar ya tabbata kin shiga, sai ya daina maimaita ta, ya ci gaba da ba da labari kamar yadda aka saba.

Batun ƙamus kuma, kalma 31 a dare ɗaya azabtar da kai ne. Ki karanta babi gaba ɗaya ba tare da kin buɗe ƙamus ba, ki ɗiga ɗigo a kan abin da ba ki sani ba. Kalmar da ta dawo miki sau uku, ita ce ta cancanci a neme ta.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ku ba. Ni da Faransanci na yi boko, Turanci da girmana na koye shi saboda kasuwanci tsakanin Maraɗi da Kano. Wannan hanya ta "wuce kawai, za ka gane daga baya" ita ta cuce ni. Kalmomi da yawa na Turanci suna kama da na Faransanci, sai in ɗauka na san su. Shekara biyu ina ganin actually ina fassara ta da "a halin yanzu", alhali "a gaskiya" take nufi. Sensible na ɗauka mai saurin jin abu a rai ne, ashe mai hankali ne. Har na taɓa rubuta wa wani kamfani takarda ina son in ce na halarci taronsu, na yi amfani da assist, suka ɗauka cewa nake na taimaka wurin shirya shi. Abin ya jawo mini rashin fahimta da ban ji daɗinta ba. Da na buɗe ƙamus tun farko da hakan bai faru ba.

Amma littafin kam na karanta shi, kuma akwai abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. Shi kansa Maugham a Faris aka haife shi a 1874, kuma Faransanci ya fara iyawa. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara 8, ubansa yana ɗan 10, aka kai shi wurin baffansa limamin coci a Whitstable, a Ingila. Ga maraici, ga i'ina, ga yara na yi masa dariyar Turancinsa. Wannan yaron ne a 1908 ake nuna wasanninsa huɗu lokaci guda a Landan. Duk sanda Turanci ya gajiyar da ni, shi nake tunawa.

Tsohon Malami:
Ɗan Maraɗi, maganarka gaskiya ce ga wanda ya zo ta Faransanci, domin kai matsalarka kalmar da ka zaci ka sani ce. Ita kuwa tata matsalar kalmar da ta san ba ta sani ba ce, kuma ta tsaya a kan kowacce har labarin ya mutu a hannunta. Ciwon daban, maganin daban.

Maman Biyu:
Na gode Baba, na gode Yaya. Na yi abin fensir ɗin yanzu-yanzu, wallahi kamar an kunna fitila. To ga wata kuma. Akwai wuraren da Julia ke magana, sai a sa wata maganar cikin baka biyu. Na ɗauka a hankali take faɗa don kada a ji. Amma wani lokaci abin da ke ciki zagi ne ƙarara, ga mutumin zaune a gabanta, kuma bai ce komai ba.

Ɗan Dandali:
Yauwa! Anti, kin taɓo zuciyar littafin. Ba faɗa take yi ba, a ranta take yi. Abin da ke waje shi ne na baki, na cikin baka biyun shi ne na zuci. Na yi wasan kwaikwayo na dandamali shekara huɗu a jami'a, kuma abu na farko da malaminmu ya koya mana shi ne kowane layi yana da wani layin a ƙarƙashinsa wanda ba a rubuta ba. Kana cewa "sannu da zuwa", amma me kake nufi? Ka yi murna ne, ko cewa kake me ya kawo ka? Maugham ya rubuta wasanni kusan shekara talatin kafin ya daina a 1933, ya san wannan ciki da bai. A wannan littafi sai ya buɗe miki duka biyun, ya jera su.

Shi ya sa nake ganin ga mai koyo ya fi littafin nahawu amfani ta wani fanni. Nahawu zai gaya miki ma'anar how nice of you. Ba zai gaya miki cewa Baturiyar Ingila tana iya faɗin haka ranta a ɓace ba. Mu ma ai muna da namu: in suruka ta ce miki "ai ba komai", ke kin san ko da komai. To nasu ne ake nuna miki a nan, shafi bayan shafi.

Akwai wurin da Michael ya kai ta gidan iyayensa a Cheltenham, uban tsohon kanar ne na soja, kuma ba sa son ɗansu ya kwaso 'yar wasa. Tun daga bakin ƙofa ta karanci abin da suke son gani, ta zama yarinya mai kunya, mai sunkuyar da kai, mai sauraron tsoho yana ba da labari. Suka kamu da sonta. In kin kai wurin ki karanta shi sau biyu, na biyun da murya.

Ga kuma kalmomin sana'ar da ƙamus zai iya ɓatar da ke. House a bakinsu ba gida ba ne, jama'ar da suka shigo kallo a daren ne. Part shi ne matsayin da aka ba ɗan wasa ya fito a ciki. Run yawan kwanakin da wasa ya yi ana nuna shi. Wings gefen dandamali ne inda ake laɓewa kafin a fito. Understudy wanda ya haddace layin wani yana jiran ranar da ciwo zai kama shi. Dresser mai sa wa ɗan wasa kaya, aikin Evie, mai yi wa Julia hidima, ke nan. Stalls kujerun ƙasa masu tsada, gallery can sama inda talaka ke zama. Waɗannan in kin riƙe su, rabin wahalar ta tafi.

Ɗan Maraɗi:
Ka manta matinee. Asalinta daga kalmar safiya ce a Faransanci, amma wasan da ake yi da rana bayan azahar take nufi. Ita ma ta ruɗe ni. Kuma Maman Biyu za ki ga ɗan Faransanci nan da can, domin Julia a tsibirin Jersey aka haife ta, ubanta likitan dabbobi, ta yi zama wurin innarta a St Malo, kuma wata tsohuwar 'yar wasan Faransa ce ta fara koya mata. In kin ci karo da shi ki turo nan, wannan nawa ne.

Baban Yara:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Na san labarin nan. Matar aure ce, da ɗanta saurayi, ta koma bin yaron nan akanta da bai girmi ɗan nata da yawa ba, tana kashe masa kuɗi, tana biya masa bashi. Ga giya, ga ƙarya tun daga farko har ƙarshe. Duk littattafan Turanci da ke duniya, sai wannan za a ba uwar yara ta koyi harshe da shi? Harshe ba ya shiga shi kaɗai, da kayansa yake shigowa. Ni ban ga dalili ba.

Auta:
Ga shi kuma an tona mata labarin.

Maman Biyu:
Ba komai Auta, na fara zargin hakan tun daga hoton da ta ba shi. Baban Yara, na ji maganarka kuma ban raina ta ba.

Tsohon Malami:
Malam Baban Yara, damuwarka a wurinta take, kuma ba zan yi maka kwaskwarima ba: abin da ka faɗa yana ciki, kuma marubucin bai hukunta ta a ƙarshe yadda marubucinmu zai yi ba. Ni ban taɓa ba ɗalibin sakandare shi ba, ba kuma zan ba shi ba. Amma ban yarda cewa littafin yana ƙawata abin ba. Ka tuna yadda yaron ya mayar da ita: tsani. Da ita ya shiga cikin manya, da ya samu wata yarinya 'yar wasa, Avice Crichton, sai ya dawo yana roƙon Julia ta sa a ba ta aiki. Mace mai suna a duk Ingila ta zauna tana jiran wayar akawu. Wanda ya karanta wannan ya ji sha'awar hali irin nata, to da ma can da abinsa ya zo.

Sannan akwai ɗanta, Roger. Kusa da ƙarshe ya zaunar da ita ya gaya mata cewa bai san wace ce uwarsa ba, domin bai taɓa ganinta ba ta cikin wasa ba. Ya ce in ta shiga ɗaki ita kaɗai, yakan ji tsoron buɗe ƙofar kada ya tarar ba kowa a ciki. Na karanta wannan wuri ina da shekara arba'in da wani abu, na ajiye littafin na daɗe ina kallon 'ya'yana. Turancin wurin kuma mai sauƙi ne ƙwarai, babu kalmar da ɗan aji uku bai sani ba.

Baban Yara:
Allah ya ƙara girma Malam. Na fahimce ku, amma ina nan a kan bakana. Wanda ya kai shekarunku yana iya tace ruwa ya zubar da laka, ba kowa ne zai iya ba. Tunda dai ita babba ce, ta san abin da ya fi mata. Roƙona kada a bar shi inda yara za su ɗauka.

Hajiya Kaka:
Ni ban karanta shi ba, jikata ce ke karanto mini hirarku. Abin da ya sa na sa baki, ta ce Maman Biyu ta turo hoton wani shafi ɗazu tana tambayar kuɗin Ingila da ke ciki. 'Yata, wannan ai kuɗinmu ne na da. Da shi aka yi mini sadaki. Fam ɗaya sule ashirin, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. Sisi kwabo shida, taro kwabo uku. Sai a 1973 aka kawo naira. In kin ga an ce shilling, sule ne, sixpence kuwa sisi. Ki tambayi duk wata tsohuwa a gidanku ta lissafa miki.

Tsohon Malami:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara kawai guinea, wato fam ɗaya da sule ɗaya, sule 21. Da ita masu hali ke sa farashin kayansu, likitoci da teloli na manya. Su ma Ingila sun bar wannan lissafi a 1971. Kuma ki sa ido a kan kuɗi a littafin nan, 'yata, domin da shi ake faɗa. Akwai inda ran Julia ya ɓaci da yaron bayan hutun da ya yi a gidansu na bakin kogi a Taplow. Ba ta zage shi ba. Kuɗi ta sa a ambulan ta bar masa, wai ya ba masu aikin gidan tukuici, har da bayanin nawa zai ba kowa. Wanda bai san al'adarsu ba zai ce kirki ta yi. Alhali ce masa ta yi: kai ba kowa ba ne, ko abin ba barori ba ka da shi. Ya kuwa gane.

Auta:
To Baba, na yarda akwai abin koyo. Amma maganata ta farko fa? In Anti ta shiga ajin jinya tana Turancin 1937?

Ɗan Dandali:
Nan kam kana da gaskiya rabi. Ginin jimlar bai tsufa ba, shi ne abin ɗauka. Abin da ya tsufa kalmomin hira ne, irin su kiran kowa darling da sauran maganar 'yan wasan wancan lokaci. Sannan Anti, kada ki kwaikwayi Evie. Ita Turancin talakawan Landan take yi, tana haɗiye harafin h a farkon kalma, shi ya sa za ki ga an sa ɗan waƙafi a sama a gurbinsa. Kada ki nemi irin waɗannan a ƙamus, ba za ki samu ba. Ki mayar da h ɗin, kalmar za ta fito. Fim ɗin kuma a bari sai an gama littafin, domin an sauya abubuwa, musamman ƙarshen, kuma abin cikin baka biyun nan ba ya fitowa a fim yadda yake a takarda.

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa, na dawo bayan mako biyar. Daren jiya na gama, babi 29 cif.

Hanyar da na bi ta haɗa ta Baba da ta Yaya Ɗan Maraɗi. Karatun farko ba ƙamus, sai ɗigo da fensir. Washegari da asuba, kafin yara su tashi, in koma kan ɗigon in zaɓi bakwai kawai, in rubuta kowacce da jimlar da ta zo a ciki, ba ita kaɗai ba. Ran Juma'a in karanta shafi ɗaya da murya, in ɗauka a waya in saurara. Daga wajen babi na goma sha biyu na lura ɗigon ya ragu, har akwai daren da na yi babi biyu ban sani ba, sai da wutar sola ta ɗauke.

Baban Yara, littafin yana cikin akwatina da kwaɗo, kuma gaskiya akwai shafukan da na ji nauyinsu. Ban so Julia ba. Amma wurin Roger da Baba ya faɗa, sai da na yi hawaye, domin ni ma akwai muryar da nake yi wa baƙi wadda 'yata ta taɓa tambayata me ya sa ba na yi musu ita.

Abin da ya tsaya mini shi ne daren farko na sabon wasan da Julia da Avice suka fito tare. Na gane cewa Julia ta kashe wa Avice kasuwa a gaban jama'a, kuma na ga jan hankicin da ta fito da shi. Amma ban gane yadda hankici zai rusa mutum ba. Ita yarinyar ai ta faɗi layinta daidai.

Ɗan Dandali:
Barka Anti, Allah ya sa albarka! Bari in gaya miki yadda abin yake a jiki. A dandamali babu kyamara da za ta nuna wa mutane inda za su kalla. Idon ɗan kallo yana bin abu biyu ne, motsi da launi. An taɓa yi mini irinsa: ina tsakiyar doguwar magana wadda na yi mako uku ina haddacewa, abokin wasana yana bayana yana ɗaure igiyar takalmi a hankali. Ina jin zauren ya bar ni. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya tashi, amma na san ba ni ake kallo ba, sai muryata ta fara rawa.

To ki ɗauka wannan ne babban wurin Avice a wasan gaba ɗaya, inda za ta yi suna. Sai ga babbar tauraruwa a gefenta ta zaro ƙaton hankici ja wur, tana warware shi, tana shimfiɗa shi, tana wasa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba a lokacin gwaji. Mutum ɗari nawa ne a zauren, duk idonsu na kan jan ƙyallen. Yarinyar tana magana, ba mai ji. Kuma ba ta da bakin ƙara, domin Julia ba ta canza ko kalma ɗaya ba.

Suna da kalma ta musamman ga irin wannan, upstage. Dandamalinsu na da a gangare yake, bayansa ya fi gabansa tudu. In ɗan wasa ya matsa can baya, dole abokinsa ya juya ya fuskance shi, ya ba jama'a ƙeya. Daga nan kalmar ta fita daga gidan wasa, har yau ana amfani da ita ga duk wanda ya ƙwace wa wani hankalin jama'a a taro. Ki sa ta cikin bakwai ɗinki na gobe.

Maman Biyu:
Na sa. Yanzu na koma na sake karanta babin, na ga abin da idona. Har na gane dalilin da ya sa bayan an tashi ta ƙi zuwa liyafar da aka shirya, ta tafi ita kaɗai ta zauna ta ci nama da albasa da soyayyen dankali, abincin da ta yi shekaru tana hana kanta.

Baba, a cikin kwalin akwai wani nasa kuma, The Painted Veil. Na leƙa na ga kamar akwai likita da annobar kwalara a ciki. Shi zan ɗauka, ko in huta da Maugham tukuna?

Tsohon Malami:
Shi za ki ɗauka, 'yata. Na 1925 ne, a Hong Kong da cikin ƙasar Sin labarin yake, babinsa gajeru ne, kuma marubucin ya yi karatun likita a asibitin St Thomas na Landan kafin ya koma rubutu, don haka kalmomin ciwo da jinya da za ki tarar a ciki za su yi miki amfani baɗi. Shi ma akwai batun amanar aure tun shafin farko, na faɗa tun yanzu saboda Malam Baban Yara. Wannan karon ki ɗaga bakwai ɗin zuwa goma.